Rabin Watan da Suka Juya wa Ruwa Baya

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin gyaran ƙasa a Adar, akwai guda da ta ƙi fita kaina. Gara in faɗa muku tun yanzu, ku samarin da kuka gaje mu, wawan labarin nan ni ne, kada wani ya wahala da nema. Ni Illa, mai aji shida na lakwal, wato makarantar boko, wanda satifika ta hango ta sake hanya.

Muƙamina a lokacin mai wayar da kai. Ga wanda bai san aikin ba: a sama akwai injiniya, yana biro, wato ofis, a Tawa yana zane. Ƙarƙashinsa akwai shef, mai zagaya ƙauyuka a mato. Sai ni, mai zama da mutane cikin rana ina nuna musu inda za su sara. Ƙasa da ni babu kowa sai diga.

Abin da ya kawo aikin kun san shi. Damina ta sake hali. Ina yaro, in ka bi daji tsakanin Affala da Tebaram, inuwar gawo ce ke miƙa ka ga inuwar kalgo, ruwa kuma yana sauka a hankali, yau kaɗan, jibi kaɗan. Yanzu sai ya yi makonni bai leƙo ba, ranar da ya ga dama ya juye na wata guda kafin a gama la'asar, ya kwashe ƙasar noma ya bar fako mai tauri kamar daɓe. Masu karatu suka ce sauyin yanayi ne. Maganin da aka koya mana shi ne rabin wata. Ana kafa turke, a ja igiya a zana rabin da'ira mai faɗin taki huɗu, a sare cikinta, a tara ƙasar a bayanta ta zama ganuwa, a zuba takin dabbobi. Bakinta a buɗe yake, ruwan da ke gudu a kan fako ya shiga ya kwanta, ƙasa ta sha, a shuka hatsi.

An kai mu horo na kwana uku wajen Kalfu. Rana ta biyu, bayan an cika mu da tuwo, injiniya ya hau allo. Ba barci na yi ba, a rubuta wannan. Tunani ne ya ɗauke ni. Ina kallon allon sai na ga tudun Adar duka ya koma kore, zabi suna gudu cikin ciyawa, shanu sun kwanta don ƙoshi, ni kuma ina tafe da babbar riga mata suna guɗa suna cewa ga wanda ya dawo da daji. Ashe daidai lokacin ake bayanin tiyon ruwa, wanda ake auna gangare da shi don a san ta ina ruwa ke zuwa. Na dawo daga tafiyata ana tafi, ni ma na tafa.

Kashegari aka kai mu filin da aka riga aka gyara. Na duba da kyau, irin duban masu ilimi, na ga kowane rabin wata bakinsa gabas yake kallo. Nan take na gane sirrin. Alƙibla gabas take, hadari ma daga gabas yake taso mana. Na ce lalle wanda ya ƙago abin nan mai tsoron Allah ne. Ban tambayi kowa ba, don kada a raba ni da abin da na gano ni kaɗai.

Da bazara aka tura ni wani ƙauye arewa da Affala. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau in na bi ta can dariya suke. Mazan duk sun tafi bida, wato ci-rani, mata ne za su yi aikin. Maigari ya ba su wani fako a gindin dutse, yamma da gari, ya ce wadda ta raya wuri ya zama nata. Tiyon awo kuwa na baro shi a biro. Me zan yi da shi, ga rana tana nuna mini gabas kyauta?

Cikin matan akwai wata dattijuwa, Inna Hajo, ƴar siririya, ta girme ni nesa. Gonarta ta gado ƙorama ta cinye ta shekara biyu a jere. Ɗiyarta da ke aure a Tawa ta aiko cewa in bana ma ba ta samu hatsi ba, ta tattara ta komo birni. Ita kuwa ba abin da take tsoro kamar wannan. Ta ce mini, "In zamna ɗakin suruki ina jiran a miƙo mini akushi? Gara a bizne ni nan."

Ranar da na fara zane, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Illa, ɗana, mi kake yi haka?"

"Ilimi, Inna."

"To iliminka ya juya baya. Ruwan wurin ga daga dutse shika gangarowa, daga yamma. Tun ina budurwa nike tsallake shi in na tai itace."

Na yi murmushin da nake yi wa waɗanda ba su je horo ba. Na ce, "Inna, abin nan daga manya ya zo. Gabas yake kallo."

"Manyan sun taɓa tsayawa nan ana ruwa?"

Matan suka fashe da dariya, ni kuma na tsuke fuska na ce wadda ba ta bi zanena ba, ba ruwan furoje, wato hukumar aikin, da ita. Suka bi, don ni ke da hula da littafi. Inna Hajo ta ja digarta ta koma can gefe, ta zana nata da ƙafa, bakinsu yana kallon dutse. Sati uku muna sara cikin zafin da ke sa fako rawa a ido. Da azahar in na fake a gindin wata aduwa, sai in lumshe ido in ga layukana sun cika da zangarniya, tsuntsaye suna sauka, injiniya yana cire hularsa yana gaishe ni.

Ruwan farko ya zo wata ranar Laraba da hantsi. Hadarin daga gabas ya taso, na dubi matan ɗaya bayan ɗaya don su shaida. Muka fake a rumfar maigari. Da ya tsagaita muka fita, sai na ji wata ƙara daga wajen dutse. Ruwa ne ja yake gangarowa daga yamma, shimfiɗe kamar tabarma. Ya iso layukana ya tarar duk sun ba shi baya. Ya daki ganuwar, ya kewaye wasu, ya fasa wasu, ya kwashi takin da matan suka ɗauko a ka, ya wuce da shi ƙorama.

Sai na waiwaya gefen Inna Hajo. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba. Nata duk sun cika sun yi shiru, kowanne da guntun sama a cikinsa, gajimare yana tafiya a hankali cikin ruwan. Kamar an sauko da watanni an jera su a ƙasa. Wani ɗan tsuntsu ya sauka bakin guda yana sha. Na daɗe a tsaye, takalmina cikin laka, na ma manta ni ne aka kayar. Ita ko kallona ba ta yi ba, tana durƙushe tana toshe wata ƴar ɓaraka da hannu.

Matan ba su zage ni ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Washegari suka fito da diga suka ce wa Inna Hajo ta nuna musu. Muka sake aikin sati uku cikin kwana goma, ni ma na tuɓe riga na sara har tafina ya fashe. Shukarsu ta makara, abin da suka samu bai kai nata ba. Ita kuwa hatsinta ya fi ni tsawo a wurin da ko tsidau ba ya fita da. Ta cika ɗan rumbunta, ta aika wa ɗiyarta dami biyu da saƙon cewa a daina gyara mata ɗaki.

Abin da na koya, ku riƙe shi: sama ta canja, amma gangare yana nan inda yake, kuma a kowane gari akwai wanda ya san hanyar ruwa tun kafin a haife ku. In kun sauka, ku nemi wannan mutumin kafin ku buɗe littafi. Tiyon ma ku tafi da shi.

Da kaka shef ya zo zagaye, wani saurayi mai ladabi, Mushe Abdu, kamar yadda ake cewa malam da Faransanci. Ya ga hatsin Inna Hajo ya yi ta jinjina kai. Sai ya lura da tsofaffin ganuwar da ruwa ya fasa.

"Baba Illa, waɗannan fa? Kamar an fara su a juye."

Na gyara hula, na yi gyaran murya. Matan duk suna tsaye. Na ce, "Mushe, gwaji ne na shirya. Na sa wasu su kalli gabas, wasu yamma, don jama'a su gani da idonsu wanne ya fi."

Har ya ciro alƙalami zai rubuta. Inna Hajo ta sauke damin da ke kanta, ta kakkaɓe hannu.

"Gwaji, Illa? To baɗi ka yi shi cikin gonar gidanku. Mu nan damina guda gare mu a shekara, ita ma sai ta ga dama take zuwa."