Sandar Keken Yelwa

Baba Tarkace ake ce masa a unguwarsu da ke bakin garin Daura, ta wajen hanyar Zango, kuma yana amsawa ba tare da ya ɓata rai ba. Sunansa na baftisma Irmiya. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Sandamu, Bahaushe gaba da baya, Kirista tun daga uba. Sana'arsa gyara: risho, fitilar ƙwai, rediyo, injin taliya, famfon feshi, duk abin da mai shi ya fid da rai da shi. Sabon abu bai dame shi ba ko kaɗan. Ka kawo masa sabuwar rediyo fil a kwali, zai juya ta sau ɗaya ya miƙo maka. Amma ya hangi wani ruɓaɓɓen inji a bayan shagon wani, tsatsa ta cinye rabinsa, sai ka ga ya tsuguna yana shafa shi yana cewa, "Wayyo, wa ya yi maka haka?"

A coci kuwa shi ne mai mabuɗi. Ranar Asabar ya share, ya jera benci, ya kore awakin maƙwabta daga haraba. Ranar Lahadi shi ke buga ƙararrawa, wadda ba komai ba ce illa tsohon wilin tirela da ya rataye da kansa a jikin darbejiya. Shi ke zagayawa da kwanon baiko, wato na karɓar sadakar coci, shi ke taɓa kafaɗar masu gyangyaɗi in wa'azi ya yi tsawo. Kafin ya fita, sai matarsa Yelwa ta tsare shi a bakin ƙofa ta duba hannuwansa.

"Baban Tabita, da wannan baƙin man za ka riƙe kwanon Ubangiji? Koma ga toka can da sabulu."

Haka zai koma yana gunaguni, ya dirje, ya dawo a sake dubawa. Babbar jarrabawarsa a duniya ita ce kasuwar Mai'aduwa, don ranar Lahadi take ci, kuma can ne tsofaffin ƙarafa ke fitowa daga tsallaken iyaka. Bai taɓa fashin sujada saboda ita ba, a yi masa adalci. Sai dai kowa ya lura ranar da aka ce an sauke kaya, "Amin" ɗinsa na ƙarshe kan riga na kowa fita.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, baƙi 'yan kudu da yawa suka kwashe iyali suka tafi, coci ta yi wayam. Irmiya bai fasa jera bencin duka ba, har da waɗanda ba mai zama a kai. Wani ya tambaye shi ko shi ma yana shirin tafiya. Ya dube shi ya ce, "In tafi ina? Sandamu?" Da ƙura ta lafa yawanci suka dawo, aka yi ta haihuwa, har yaran makarantar Lahadi suka rasa wurin zama sai gindin bango, rana na dukansu. Daga nan ne matsalar Irmiya ta taso.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan coci, a cikinsa kuma akwai fiyano. Ba irin na lantarki ba. Na katako ne, tsoho tukuf, da ƙafa ake taka fedarsa biyu, su kuma su hura wani zugazugi da ke cikinsa kamar na maƙera, sannan sauti ya fito. Wani Bature ɗan mishan ne ya bar shi. Uban Irmiya shi ne kukun Baturen, kuma da kunne ya koyi bugawa, har ya zama shi ke bi da waƙa kowace Lahadi. Tun da tsohon ya rasu fiyanon ya yi shiru: ɓeraye suka cinye zugazugin, gara ta taɓa ƙafafun. Irmiya ba shi da hoton ubansa, ba shi da rigarsa, ba shi da ko hularsa. Abin da ya rage masa shi ne wannan akwati da waƙa guda ɗaya da tsohon ya koya masa bugawa yana ƙarami. Shekara da shekaru yana shiga ɗakin yana taɓe-taɓe, abu ya ƙi.

Dattijo Sada, shugaban kwamitin coci, shi ya fito da maganar a taro. Ba mugun mutum ba ne, kuma gaskiya ya faɗa.

"Dattijo Irmiya, 'ya'yanmu na rana, katako na inuwa. In ya yi waƙa ranar godiyar kaka, mu shigo da shi cikin coci mu yi alfahari da shi. In bai yi ba, 'yan gwangwan su ɗauki ƙarfen, katakon kuma a ba mata su dafa shinkafar Kirsimeti."

Aka yi dariya. Irmiya ma ya yi, amma ta baki ce kawai. Ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba.

Sai ya zage. Maƙwabcinsa Malam Jafaru, mai sayar da hatsi, wanda suke musayar naman Sallah da shinkafar Kirsimeti tun 'ya'yansu na goye, ya ba shi fatar ragon layyarsa da ya adana. Aka kai wa majemi ya mai da ita laushi. Irmiya ya jiƙa ƙaro, ya yanka fata daidai zugazugi, ya goge 'yan harsunan tagulla da ke ba da sauti ɗaya bayan ɗaya. Komai ya hau, sai abu ɗaya: sandar ƙarfen da ke haɗa fedar hagu da zugazugi, tsatsa ta raba ta biyu. Ya zaga Mai'aduwa bai samu ba. Maƙeri ya ƙera masa wata, taku kaɗan ta lanƙwashe. Ga kaka ta yi, ana ta yankan gero.

Ran nan da hantsi yana zaune a rumfar ƙofar gida yana shan koko, idonsa ya sauka a ƙarƙashin keken ɗinkin Yelwa. Tsohon keke ne na gado, irin wanda kayansa suka daɗe da ɓacewa a kasuwa. Ga sandar da ke haɗa feda da babban wili, tsawonta, kaurinta, har ɗan ramin da ke bakinta. Irmiya ya ajiye ludayi. Ya kau da kai. Ya sake dubawa.

To, Yelwa ita ce shugabar zumuntar mata, ita ce kuma telarsu. Ankon godiyar kaka na matan coci kaf yana jibge a ɗakinta, ta yi alkawarin kowace za ta sa nata ranar. Sai aka yi rasuwa a danginta a Dutsi, ta tafi ta'aziyya. Irmiya ya ce wa kansa aro ne, gwaji kawai zai yi ya mayar. Duk mai tarkace haka yake faɗa wa kansa.

Sanda ta zauna daram, kamar don fiyanon aka yi ta. Ya ɗaura fatar da zare, na wucin gadi, ya taka feda, ya danna da yatsa ɗaya. Wani sauti ya fito, mai kauri, mai ɗan rawa. Irmiya ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya zauna shi kaɗai a ɗakin yana hawaye, tsoho da furfurarsa. Daga nan bai ƙara tunanin keke ba. Ya shafa ƙaro, ya manne fatar a kan bakin sandar, ya rufe.

Yelwa ta dawo, ta huta, ta ɗauko atamfa ta zauna. Ta taka feda, feda ta faɗi ƙasa ƙwal, wili ko gezau. Ta leƙa ƙasa. Ba ta tambayi kowa ba, don shekarun aurensu sun wuce a yi tambaya.

"Baban Tabita!"

"Na'am, sannu da hanya, ya masu haƙuri?"

"Ina sandar kekena?"

"Wato, Maman Tabita, tana... tana aikin Ubangiji."

"Ni kuma aikin wa nake yi? Na Fir'auna? Tashi ka ɗauko min ita yanzun nan."

Nan ya faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa. In ya cire sandar sai ya yaga fatar, ba shi da wata, kuma ko da akwai ƙaro ba zai bushe kafin ranar ba. Ya ce ta ji tausayinsa, ya ji muryar abin, ya ji ta da kunnensa. Yelwa ta dube shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don ita ma sunanta ne a bakin mata.

"Shi ke nan," ta ce. "Tun da ka ɗauke sanda, kai ne sanda. Zauna nan."

Haka Dattijo Irmiya, mai mabuɗin coci, ya tanƙwashe ƙafa a tabarma a gindin keke yana juya babban wili da hannu, Yelwa na ɗinki a sama. Ashe abin ba wasa ba ne. In ya yi sauri ta ce zai karya mata allura, in ya sassauta ta ce barci yake. "Tafi. A hankali, kwana ce. Tsaya! Na ce tsaya, ka cinye min wuyan riga!" Da farko sai da aka warware ɗinki ya fi a ƙirga. A hankali ya koyi sauraron hannunta, har ya zama kafin ta ce tsaya ya tsaya. Matan zumunta masu zuwa gwaji kuwa suka samu abin yi. Wata ta ce, "Mama, wannan sabon injin naki fetur yake sha ko tuwo?" Malam Jafaru ya zo wucewa ya yi sallama, ya tsaya ya kalli abin da kyau, ya ce, "Malam Irmiya, duk injinan da ka tayar, wannan ne kaɗai na ga yana aiki kullum." Irmiya ya ce su yi ta yi, Lahadi na zuwa. Kafaɗarsa ta kumbura, Yelwa na gasa masa da ruwan zafi tana yi masa faɗa a lokaci guda. Anko dai ya kammala, ba wadda ta rasa nata.

Ranar godiyar kaka coci ta cika maƙil. Gaban bagadi dammunan gero ne da dawa, buhunan gyaɗa, kabewa, kaji a ɗaure suna ta ƙorafi. Mata sun yi reras cikin anko. Samari suka ɗauko fiyano suka dire a gaba, fasto ya yi sanarwa, Irmiya ya zauna ya goge tafin hannu a riga. Ya taka, ya danna.

Ya yi! Sautin ya cika ɗakin, a hankali, da nauyi. Tsofaffin da suka san uban Irmiya suka ɗaga kai, wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta kama waƙar tun kafin a ba da baiti. Irmiya bai ga kowa ba. Yatsunsa na tafiya inda aka koya musu, shi kuwa jin yake kamar tsohon na tsaye a bayansa. Baiti na farko ya wuce lafiya.

A na biyu ne mata suka ji daɗi ya kai musu, suka shigo da kiɗan tulu da caki. Matan zumunta kuwa in suka kama waƙa ba sa tafiyar tsofaffi. Kiɗa ya yi sauri, murya ta yi sama, fiyano ya fara nutsewa a ciki. Irmiya ya ce ina, yau sai an ji shi. Ya shiga taka feda da ƙarfinsa duka, yana zufa, benci na ƙara. Sai ji aka yi fuuu! Fatar ragon Malam Jafaru ta yage, sautin ya yi wani ɗan kuka ya mutu, ƙura ta taso daga ƙarƙashi. Kaji suka ruɗe. Wani yaro ya tuntsire da dariya aka toshe masa baki. Yelwa ce ta ɗaga murya daga inda waƙar ta yanke, mata suka bi ta, aka kai ƙarshe ba fiyano. Irmiya na zaune hannunsa a kan abin.

Bayan an tashi, mutane na waje ana rabon kunu, Dattijo Sada ya matso yana sosa ƙeya.

"Dattijo, ka yi ƙoƙari, Allah ya gani. Amma kai ma ka ga yadda aka yi."

"Na gani," in ji Irmiya. "Yara su shiga ɗakinsu. Ku ba ni minti kaɗan, akwai kayan mutane a ciki."

Ya ciro sukundireba daga aljihu, ya durƙusa, ya zura hannu ta yagaggiyar fatar yana laluben bakin sandar. Bai kai ga kama kan ƙusar ba tukuna. Sai ya ga gefen atamfar anko a kusa da gwiwarsa.

"Me kake yi?" Yelwa ta tambaya.

"Sandarki zan cire miki."

"Wa ya aike ka?" Ta juya wajen Sada. "Dattijo, ɗaki naku ne, ku zuba yara. Wannan kuwa ba mai dafa shinkafa da shi. A sa samari su kai min shi gida, ɗakina, kusa da gado."

Sada ya ce to, da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. Irmiya ya ɗago kai yana kallonta daga durƙushe.

"Maman Tabita, keken fa? Ga ɗinkin Kirsimeti na tafe."

"Baiti ɗaya da rabi na ji," ta ce. "Ka nemi wata fatar ka buga min ita har ƙarshe. Keke kuwa yana da mai juya shi."

Ta miƙa hannu ta karɓe sukundireban, ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta fita wajen rabon kunu.