Mai Gwada Kujerar Baya

Mutumin nan mai furfurar gemu ya ishi dillali. Ƙananan motoci biyu masu gudun tsiya yake dubawa, ɗaya mai siraran tayoyi, ɗaya masu kauri, amma ya ƙi taɓa sitiyari. Kujerar baya yake shigewa da kofi cike da ruwa.

"Ja mu je, ka bi ta ramin can."

Mai siraran tayoyi ta faɗa ramin, ruwa ya wanke masa wando.

"Wannan mota ce ko jaki? Ka dame ni da zancen gudu! Gudu na tambaye ka?"

Dillali ya waiwayo a fusace, sai ya ga hannun mutumin ya tare kujerar gefensa, inda babu kowa. Ashe akwai mai ciwo a gida, shi ake nema wa motar da ba ta jijjiga.