Tocilar Uwar Ɗan Fari

Ni dai ban taɓa tuƙa abin da ya wuce amalanke ba, shi ma jakin ne ya san hanyar Korahane, nawa zama ne. Lakwal kuwa, makarantar boko, na leƙa, malamin ya dube ni, na dube shi, munka rabu lafiya. Amma na tuƙa jirgi mai saukar ungulu bisa Yamai da dare, ina zaune kan tabarma a tsakar gidana nan Dakoro.

Ɗanmu na fari sojan sama ne, irin jirgin nan yake tuƙawa. Da ya zo hutu bara, ya taho da ordinatar, wato kwamfuta, da wata ƙaramar sanda ta riƙewa, wai da su suke gwaji kafin su hau na gaske. Bayan isha'i ya ɗora ta bisa turmi ya ce in gwada. Ga Yamai cikin gilashi, fitilu reras, ga gada bisa kogi, ga hasumiyar babban masallaci. Na ja sandar kamar linzami ina ce ma jirgin ya tsaya. Bai saurare ni ba. Na faɗa kogi, na daki gada, na sauka bisa rufin mutane ba sallama. Shi ko sai dariya, ya danna wani wuri, in sake tashi ko ƙwarzane babu.

Uwarsa na bakin murhu, ta ba mu baya. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan". In ya gaishe ta, tukunya take duba ta amsa. Haka ta tarar ana yi gidansu. Da dariyarmu ta ishe ta, ta shige ɗaki.

Sai ya juya hoton ya koma kore. Ya ce haka suke gani da dare, ta wani madubi da suke ɗaurawa a ido, mai mai da ɗan haske ya zama babba. Ina lallaɓawa kusa da hasumiya, wata fitila ta haska daga ƙasa, gilashin ya yi fari fat. Kafin in raba sama da ƙasa na faɗi.

"Ka gani, Baba. Duk wanda ya dalla mana tocila daga ƙasa, makanta mu ya yi. Kuma na gaske ba shi da wurin dannawa."

Bayan ya koma anka tura su arewa, inda babu rezon waya sosai. Da farko yakan kira jefi-jefi. Tun kafin a yanke gero waya ta yi shiru.

Jiragen sukan ratsa ta bisa garinmu da dare, su yi wajen Azagor, ba fitila, sai ƙugin da ke tada awaki tsaye. Wani dare na farka na ga matata tsakar gida da babbar tocila, ta ɗaga ta sama tana kaɗawa. Na tambaye ta, ta ce mujiya take kora. Mujiyar nan kuma ba ta zuwa sai da ƙugin jirgi. Na gane. Matar da ba ta iya tambayata ko wancan ya kira, ta samu hanyar nuna masa gida.

Bakina da ba ya barin kowa a kasuwa ya kasa faɗa mata haɗarin hasken. Sai na koma sana'ar da na iya. Na cire pil, wato batiran tocilar, na ce sun mutu, kayan yanzu ba su da ƙarko. Ta sayo wasu. Na juya su kai da gindi, ta gyara. Na cusa tocilar cikin damin gero a rumbu, ta tono ta, ta ce ba ta taɓa ganin tsoho mai furfura na sata a gidan kansa ba.

Daren da ƙugin ya sake tasowa ta fito, na bi ta na riƙe mata hannu. Duk zamanmu ban taɓa riƙe ta da ƙarfi ba.

"Malam, sake ni."

"In shi ne a ciki, hasken nan makanta shi zai yi. Shi ya nuna mini. Ni kaina na faɗi."

"Kai cikin wasa ka faɗi."

"Shi ba cikin wasa zai faɗi ba."

Ba ta ƙara ja ba. Munka tsaya haka har ƙugin ya dushe. Sannan ta tambaye ni dararen da ta riga ta haska fa. Na ce sun wuce lafiya, da wani abu ya faru da mun ji. Ban san haka ba, faɗa kawai na yi. Ta ce to da me zai gane gida.

Da safe ta sa tocilar ƙasan akwati. Ta bi maƙwabta ɗaya ɗaya ta roƙe su kashe fitila in sun ji jirgi, ba ta faɗi dalili ba, su ma ba su tambaya ba. Yanzu da ƙugin ya taso sai ta yi maza ta rufe garwashi da toka, mu zauna cikin duhu, wayar na kan cinyata.

Shekaranjiya jirgin ya yi ƙasa sosai har kwanon rufi na rawa. Cikin ƙarar na ji ta kira sunansa, can ƙasa-ƙasa. Na yi kamar kunnena ya tsufa.