Mas'alar da Bashir Bai Amsa Ba

Na daɗe ina sakataren wani ƙaramin kulob na shataranji a Omdurman, wato darar nan ta sarki da waziri da dawakai. Aikina shi ne rubuta sakamakon wasanni, da kuma jera mas'ala a allon da ke jikin bango: wasa ne da aka tsayar a tsakiya, a ce wa mutum ya nemo takun da zai kai shi ga nasara. A duk waɗanda suka taɓa zama a kulob ɗin babu mai baiwar ƙanena Bashir, babu kuma wanda ya kai shi ƙin wannan allo. Na yi shekaru ina fargabar baiwarsa za ta tafi a banza. Dalilin fargabar kuwa tun muna yara kakarmu ta shuka shi a raina.

Habboba muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu. Iyayenta sun taso daga ƙasar Kano da niyyar Hajji, tafiya ta tsaya musu a bakin kogin Nilu. Bayan sallar magariba takan jawo kaskon gawayi tsakar gida, ta soya gahawa har ƙamshinta ya tsallaka katanga, mu kuma mu kewaye ta a kan tabarma. Sai ta ce, "Ga wata baƙuwa ta iso daga yamma, ƙafarta duk ƙura." Mu amsa, "A ba ta wuri ta zauna."

Amma baƙuwar, wato tatsuniyar daren, ba ta zama kyauta. Habboba takan tona guraben dara a ƙasa, ta jera ƙwallayen dabino da tsakuwa, ta ce sai an gano takun da zai ci kafin ta buɗe baki. Ni nakan zauna ina gumi a kai. Bashir kuwa yakan ture hannuna ya ce, "Habboba, wallahi wannan ba wasa ba ne. Ki zauna mu kara, in cinye ki."

"Ji maigidan nawa," in ji ta. "Kai ba dara kake so ba, kukan wanda ka kayar kake so."

Daren da ya fusata ya watsa mata ƙwallayen da ƙafa, ba ta tsawata masa ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ba mu labarin Gwanin Ayari.

Wai a cikin wani ayarin mahajjata akwai gwanin dara wanda ba a taɓa cinye shi ba. Duk zangon da aka sauka sai ya tara jama'a. Yakan kafa wa abokin wasansa ido, ya yi masa gatse, ya buga ɗan dara da ƙarfi har wancan ya yi kuskure. Mutane su yi ta shewa. Ana nan sai suka iso wani babban kogi, inda mai fito, wani tsoho marar yawan magana, ya ƙetarar da kowa sai gwanin. Ya ce masa ya ji labarinsa, saboda haka ladansa a wurinsa dara ce. Gwanin ya yi murna, ya naɗe hannun riga. Amma tsohon bai zauna ba. Ya jera wasa a kan rairayi, ya ce, "Taku ɗaya ne ke ci. In ka gano shi, ka kira ni." Ya shiga jirginsa ya tafi.

A nan Habboba takan rage murya. "Ya ɗaga kai zai yi gatse, ba kowa. Ya nemi idon da zai tsorata, ba ido. Ashe duk tsawon rayuwarsa fuskokin mutane yake karantawa, bai taɓa duban darar kanta ba." Ayari ya jira, ya gaji, ya wuce. Gwanin ya zauna har gara ta yi gini a kansa.

"To me ya sa bai koya ba tun da farko?" na tambaye ta.

"Saboda in kana kai kaɗai da dara, ɗan nan, ba wanda zai yaba maka, ba kuma wanda za ka ɗora wa laifi."

Bashir ya yi dariya, ya ce gwanin wawa ne, da sai ya yi iyo.

Da muka girma na ga wannan hali a kulob ɗinmu kowace rana, kuma har yau yana ɓata mini rai. Manyan mutane, malamai da ma'aikata, sukan wuce allon kamar ba su gan shi ba, su nufi wurin matar nan mai shayi su yi ta wasan gaggawa, ana ihu ana tafi. Wanda ya sha kaye yakan ce hayaniya ce, ko sa'a ce, ko shayin ne ya yi sanyi. Mas'ala ba ta karɓar irin wannan uzuri. 'Yan kallon da suka riƙa ɗaga Bashir sama su ne suka fi cutar da shi, kuma ban yafe musu da sauƙi ba.

"Ya Ustaz," yakan ce mini, "ka bar wa bango abinsa. Ni da mutane nake wasa."

A gasar da za ta fitar da wanda zai wakilci ƙasa a waje, ya haɗu da wani mutum mai sanyin hali wanda bai ɗaga kai ya dube shi ko sau ɗaya ba, a zauren da aka hana magana. Nasara na gaban Bashir, sai dai tana buƙatar ya sadaukar da wazirinsa. Bai gani ba. Ni na gani, domin irinta ta daɗe a bango tana shan ƙura. Da hannuna na rubuta faɗuwarsa.

Sai yaƙi ya zo. Na kwashe mahaifiyarmu da yarana zuwa garin Gadarif da ke gabas, Bashir ya ce zai tsaya gadin gida. Kulob ya rufe, mai shayi ta gudu, 'yan kallo suka watse. Wata rana da layin waya ya dawo, ya kira ni. Ina jin ƙarar harbi a bayansa.

"Yaya, ba kowa a unguwar. Ka karanto mini ɗaya daga cikin abubuwan nan naka."

Na karanta masa gurbin kowane ɗa, ya jera a tsakar gidan da Habboba ke zama. Ya yi kwanaki a kanta. Da ya gano amsar ya kira yana dariya irin wadda ban ji daga gare shi ba tun yarinta, ya ce, "Ashe haka take da daɗi? Ƙaro wata." Muka ci gaba da haka duk lokacin da waya ta yarda. Ina shaida cewa a watannin nan ya zama ɗan wasan da na daɗe da sanin zai iya zama, ba tare da wani ya gani ba.

Ta ƙarshe da na ba shi mai wuya ce. Ya ce in ba shi lokaci, kada in gaya masa. Daga nan layin bai ƙara shiga ba, kuma waɗanda suka leƙa gidan daga baya sun tarar da ƙofa a ɓalle.

Da ina yaro na ɗauka labarin Habboba hukunci ne a kan mai girman kai. Yanzu abin da ke dawo mini shi ne mai fiton, wanda ya ce a kira shi in an gano takun. Ban taɓa tambayarta ko ya ci gaba da sauraro daga wancan ƙetaren ba. Mas'alar tana jere a ɗakina a Gadarif, yara sun san ba a taɓa ta, kuma ba na kashe wayata.