Layin da Ban Rubuta Ba

Shekarar da kogin Haɗeja ya cinye mana shukar farko, ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a ƙauyenmu, can gefen Auyo. Ba don zurfin karatu aka ba ni ba, rubutuna ne mai kyau. Aibina kuwa, na fi yarda da ƙwaƙwalwata a kan biro.

Da kaka ta matso, Bulama, mai garinmu, ya kira Arɗo, shugaban makiyaya, don a tsayar da ranar sakin shanu cikin gonaki. Aka tsayar da Asabar ta sama, na rubuta. Arɗo ya miƙe zai bi kwalekwale ya tsallaka, ya ce duk abin da aka ƙara a rubuto masa, ya amince. Bayan tafiyarsa kawuna ya tuna wa jama'a gonakin kwari, irin tasa, waɗanda aka sake shukawa bayan ambaliya kuma ba su nuna ba. Aka ƙara musu kwana goma. Ni a lokacin na rufe littafi, hankalina yana kan injin ban-ruwana da ke wurin gyara. Na ce in na je gida zan saka. Kwana uku bayan haka na kwafe abin da ke shafin na aika wa Arɗo, ban ƙara komai ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ce mini shanu suna kwari. Ko da na isa a babur, garke ya riga ya shiga kusurwar gonar kawu. Manoma sun jeru a kan kunya da lauje, makiyaya suna daga can da sanduna. Kawu Babarbare ne, Arɗo Bafulatani, kullum suka haɗu sai kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa cikin wasa. Ranar ko gaisawa ba su yi ba. Arɗo ya fito da takardata daga aljihu ya ce ga abin da aka aiko masa. Kawu ya ce ƙarya ne, an ɓoye rabin magana.

Bulama ya juyo gare ni. “Sakatare, karanta mana littafi.”

Na buɗe. Kwanan wata, Asabar, sai farin fili. Ina neman gafarar Allah a kan abin da zuciyata ta raya mini: masu iya boko a wurin ba su da yawa, ina iya karanto layin ƙarin kwana goman da ka, in bar laifin a kan wanda ya karanta wa Arɗo takarda. Na yi ta juya shafuka kamar mai nema, ina jin ƙarar shanu suna fizgar zangarniya. Wani manomi ya sauko daga kunya. Wani makiyayi ya gyara riƙon sandarsa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, babu shi. An faɗa a gabana, ni ne ban rubuta ba.”

Arɗo ya daɗe yana kallona, sannan ya yi wa mutanensa magana da Fulatanci, suka kora shanun tudu. Ya dubi kawu ya ce, “Bawana, ashe ɗanka ne ya kiwata mini su yau.”

Kawu bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana tsintar zangarniyar da aka tattake.

Nan a tsaye Bulama ya sa na rubuta kwana goman a ƙasan shafin, na karanta da ƙarfi sau biyu. Kusurwar dai ta tafi. Na taya kawu yankan abin da ya rage, kwana huɗu, ban da sallama bai ce mini komai ba.

Tun daga ranar, a kowane zama nakan rubuta abin da aka yanke da wanda zai yi da ranar yi, in karanta wa jama'a kafin kowa ya sa takalmi. Kawu yakan zauna kusa da ni. Ba ya karatun boko, amma idonsa yana kan hannuna har a tashi.