Makullin Taraktar Sabo

Har gobe ina tuna ranar da na karɓi makullin tarakta a hannun Sabo. Lokacin ina kula da sashen hayar tarakta a ma'aikatar gona ta ƙaramar hukumarmu, a shekarun da damina ke yi mana gardama. Tarakta ɗaya ce ta rage mai motsi. Sabo ne direbanta, kuma shi ne golan ƙungiyar ƙwallon garinmu.

A ƙa'idar aikinmu, idan ma'aikaci ya yi kuskure sai a nemi bayaninsa, a ja masa kunne, a wuce wurin. Sabo ma ya taɓa yin kuskure. Gonakinmu a manne suke, ya tsallake iyaka ya birkice gonar wani dattijo da aka riga aka shuka. Dattijon ya ce, "Ba da gangan ya yi ba, ku ƙyale yaro." Aka sake shuka, magana ta mutu.

Sai wasan ƙarshe da 'yan Zakirai. Ana dab da tashi, ƙwallon da ko ɗan yaye zai kama ta sulale ta tsakanin ƙafafunsa ta shiga raga, aka cinye mu. Kafin magariba gari ya ɗauka wai sayar da wasan ya yi. Manoma suka riƙa zuwa ofis, kowa na cewa maci amana ba zai taka masa gona ba.

Shugaban ma'aikatar ya kira ni. "Malam Habu, karɓo makullin nan."

"Ranka ya daɗe, da wane laifi? Ba a bakin aiki ya yi ba."

"Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ma yana filin ƙwallon ranar. Je ka kawai."

Na tarar da Sabo yana duba mai. Ya miƙo makullin ya ce, "Malam, wallahi tudu ta buga ta kauce." Na ce na sani. Raina ya ɓaci matuƙa, amma sanina bai hana shi tafiya Kano yin dako ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Mu kuskurenmu a ofis yake kwana, ana yafe mana. Ɗan wasa kuwa nasa a gaban jama'ar da ba su da sauran abin murna yake yi, shi ya sa ba a yafe masa.

Shekaru bayan haka Sabo ya zo jana'izar mahaifinsa, har ya fara furfura. Muna daidaita sahu na ji wani a bayana yana raɗa wa ɗansa, "Ka ga wanda ya sayar da mu can."