Hannun Mai Zuma

Mai Zuma ake kiransa tun yana saurayi, don kusan duk babbar bishiyar da ke gandun dajin akwai amyarsa a kai. Matarsa kan tsokane shi, wai ƙudan zuma ya aura, ita girki kawai aka kawo ta yi.

Da hukuma ta damƙa wa ƙauyensu wani yanki na gandun, bisa sharaɗin su ɗebi busasshen itace kawai su kuma yi dashe, shi aka zaɓa mai sa ido. Shekaru suka tafi, sai aka aiko wata jami'a ta duba ko dajin yana farfaɗowa ko ƙarewa yake yi.

Ƙanensa, mai ƙona gawayi, ya tare shi a ƙofar gida.

"Yaya, ka zaga da ita bakin daji kawai. Kar ka kai ta kwari."

"In ta tambaye ni fa?"

"Ka ce babu hanya."

Ta kuwa tambaya. Mai Zuma ya shige gaba. A kwarin ta tarar da kututture ko'ina, ɗanyu, ga ramukan gawayi suna hayaƙi, babu tsiro ko ɗaya.

Motarta ba ta gama ɓacewa ba masu gawayi suka rufar masa a bakin rijiya. Wani ya kwashe ƙafafunsa, ya faɗi ta ka. Duka ta ko'ina, da sanda da dutse. Ya kare fuska da hannun dama, ƙanen nasa ya sauke masa ƙotar gatari a kai, ƙashin ya ce ƙas. Jini ya cika masa baki. Matarsa ta ratsa su da ihu ta kwanta a kansa, ita ma ta sha nata a gadon baya kafin dattawa su raba. Daga nan masu dukan suka nufi daji, suka kakkaɓo amyoyinsa suka cinna musu wuta.

Hukuma ta hana shiga kwarin har sai ya murmure. Masu gawayi suka watse, ƙanen ya bar garin ba sallama.

Hannun ya ɗoru a karkace, hawan bishiya ya gagare shi. Yanzu irin itatuwa yake reno a bayan gida, da hannun hagu yake ba su ruwa. Wasu daga cikin waɗanda suka dake shi sukan zo karɓar dashe. Yakan miƙa musu, amma ba ya amsa gaisuwarsu.